Littafin da ke cikin kwalin famfon kulorin: yana kare injin, to wa ke kare mai shan ruwan?

Idan ka taɓa leƙa ɗakin injin ruwa na asibiti, ko na makarantar kwana, ko wata masana'antar ruwan leda, wataƙila ka ga wani ɗan inji da bai wuce girman bulo ba, an ɗora shi a kan durom ɗin roba, yana ta "tak, tak, tak". Shi ne famfon awon magani. Aikinsa ya riƙa ɗura kulorin, ko alif, ko wani sinadari a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, daidai gwargwado. Kowane irin famfon nan yana zuwa da ɗan littafin jagora a cikin kwalinsa, kuma sau da yawa wannan littafin ne kaɗai malamin wanda zai kafa injin. A kansa za mu yi sharhi yau.

Hukuncinmu a taƙaice shi ne: littattafan nan sun iya kare famfo, sun yi ƙoƙari wajen kare ma'aikaci, amma sun bar mai shan ruwan a baya. Shi kuwa mai shan ruwan ko sanin akwai injin bai yi ba.

Yadda injin yake aiki

A cikin kan famfon akwai wani fallen roba mai tauri da ke motsi gaba da baya. In ya ja baya sai ya zuƙo magani daga durom, in ya turo gaba sai ya tura shi cikin bututun ruwa. Akwai ƙananan bawul guda biyu masu ƙwallo a ciki, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, su ke hana maganin komawa inda ya fito. Kamar sirinji ne da ake ja ana turawa ba tsayawa. Abu biyu ka ke iya saitawa: zurfin kowane bugu, da yawan bugu a minti ɗaya.

Inda littafin ya yi daidai

A ba shi haƙƙinsa. Shafukan farko na gargaɗi, waɗanda kowa ke tsallakewa, gaskiya suke faɗa. Ka sa tabarau na kariya da safar hannu. Kada ka kwance tiyo sai ka kashe injin ka kuma sauke matsin da ke ciki, domin maganin da ya matsu a tiyo fuska yake nufa in ya samu ƙofa. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai gudana aƙalla minti 15. Kada ka haɗa kulorin da asid ko da ruwan alif a durom ɗaya ko a tiyo ɗaya, saboda haɗuwarsu na fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Ana gwada famfo da ruwa a masana'anta, don haka in asid mai ƙarfi za ka sa, sai ka busar da kan tukuna. Kulorin na cin ƙarfe, har da wanda ake cewa ba ya tsatsa, shi ya sa ake yin kan famfonsa da roba irin su PVC ko PVDF.

Duk wannan ba mu da ja a kai. Matsalar tana cikin abin da aka binne a tsakiyar littafi da ƙananan haruffa, da abin da ba a faɗa ba sam.

Lambar da ke jikin maɓalli ba ita ce adadin magani ba

Littafin zai nuna maka maɓalli mai lamba daga 0 zuwa 100, ya ce famfon na bayar da lita kaza a awa. Mai karatu, me za ka ɗauka? Cewa in ka sa a 50 rabin wannan adadin za ka samu. Alhali adadin da aka rubuta a jikin injin an same shi ne da ruwa zalla, a kan wani matsi na musamman. In matsin bututunka bai kai haka ba, famfon zai bayar da fiye da abin da aka rubuta. In maganin ya fi ruwa kauri, ko bawul ya fara kama datti, zai bayar da ƙasa da haka. In kuma ka rage zurfin bugu sosai, awon kansa ya daina tabbata.

Abin da ya fi ba da takaici shi ne, lissafin da mutum ke buƙata kafin ya taɓa maɓallin ba kasafai ake samunsa a littafin ba, kuma ba shi da wuya. Ga misali. A ce rijiyarka na bayar da lita 10,000 a awa, kana so ka sa miligiram 2 na kulorin a kowace lita. Kana buƙatar giram 20 ke nan a awa. In ka jiƙa garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 cikin 100, wajen giram 15 a kowace lita ta ruwa, za ka samu ruwan magani mai giram 10 na kulorin a lita. To famfonka lita 2 zai riƙa bayarwa a awa, wato kimanin mililita 33 a minti.

Ta yaya za ka san yana bayar da 33 ɗin? Ka sa tiyon zuƙa a cikin kwalbar awo mai lamba, ka bar ɗaya tiyon a haɗe da bututun ruwa yadda yake aiki kullum, ka duba agogo na minti ɗaya, ka ga nawa ya ragu. Wannan gwajin ya kamata ya zama shafi na farko bayan gargaɗi. A maimakon haka sai ka tarar da shi can baya, kamar wani ƙarin aiki na masu son ƙwaƙƙwafi.

Famfo a kashe, magani na tafiya

Duk wanda ya taɓa ganin an zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo ya san cewa da zarar ya fara zuba, ba ya buƙatar kowa. Haka na iya faruwa da famfon awo. Bawul ɗinsa biyu gaba suke buɗewa, baya kawai suke tarewa. Saboda haka in durom ɗin magani ya fi wurin ɗurawa tudu, ko kuma ruwa ya janye a bututu ya bar zuƙa a ciki, maganin zai bi ta cikin famfon ya wuce ko da an zare waya.

Mu koma ga misalinmu. Durom mai lita 100 na ɗauke da kilo 1 na kulorin. In ya tsiyaye duka cikin dare a tanki mai lita 10,000, kowace lita za ta ɗauki miligiram 100. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 5 ne. Ninki 20 ke nan.

Littattafan sukan ambaci wannan, amma dubi yadda suke yi. A wani shafi su ba ka shawara ka ajiye famfo ƙasa da durom don kada iska ta shiga kansa. A wani shafin daban, nesa da na farko, su ce a kula da tsiyaya. Bawul ɗin da ke hana tsiyayar kuwa, mai sifirin da ba ya buɗewa sai famfo ya tura da ƙarfi, sau da yawa a jerin kayan "in kana so" yake. Ai kuwa mai saye da ke ƙirga kuɗinsa shi zai fara cirewa daga lissafi.

Ɗan'uwan wannan haɗarin shi ne haɗin wuta. Littafin zai gaya maka ƙarfin lantarkin da injin ke so, da yadda za a sa masa wayar ƙasa. Abin da ya kamata a rubuta da manyan haruffa shi ne: kada famfon magani ya samu wuta sai in ruwa na tafiya. In mai wayarin ya jona shi a soket ɗin bango, sumo kuma yana kan nasa layin, to duk lokacin da tanki ya cika sumo ya tsaya, ko rijiya ta ja baya, ko aka koma janareta aka kunna wani aka manta wani, famfon zai ci gaba da ɗura magani a ruwan da ke tsaye. Awa 3 a haka giram 60 ne. Bututu mai inci 2, tsawon mita 50, ruwan da ke cikinsa wajen lita 100 ne kawai. Wanda ya fara buɗe famfo da safe shi zai sha wannan.

Kada ka ce hasashe ne. A watan Mayun 1992, a ƙauyen Hooper Bay da ke Alaska a Amurka, sinadarin fuloraid da ake sawa don kare haƙori ya yi yawa a ruwan sha. An auna miligiram 150 a lita, ninki 100 na iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya. Mutum kusan 300 suka kamu, ɗaya ya mutu, kuma bincike ya gano lahani a haɗin lantarki da na injin da ke ɗura maganin. A watan Afrilun 2007 kuma, a garin Spencer na jihar Massachusetts, an bar na'urar ɗura soda, irin wadda ake yin sabulu da ita, a kan saitin hannu maimakon mai sarrafa kansa. Mutum kusan 100 sai da suka dangana da asibiti.

An rubuta shi ne don wata ƙasa

Yawancin littattafan nan suna ɗauka cewa ruwan kulorin ka saya a jarka, kuma ɗakinka na da sanyi. A Kano ko Maraɗi sau da yawa gari ake saya a jiƙa. Garin nan yana barin farin laka a ƙasan durom. In ba a bar shi ya kwanta an tsiyaye na sama ba, ko kuma bakin tiyon zuƙa na zaune a cikin lakar, ƙwallayen bawul za su kama, bakin ɗurawa ya toshe da farin dutse.

Ga kuma zafi. Ruwan kulorin na rasa ƙarfi da zafi da hasken rana, yana kuma fitar da ƙananan kumfa. Durom ɗin da ke ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, ƙarfinsa na ranar haɗawa daban, na bayan mako biyu daban. Kumfar kuwa in ta taru a kan famfo, fallen robar sai ya riƙa matsa iska kawai. Injin na "tak, tak", fitilarsa na ci, amma ko ɗigo ba ya fita. Mai gadi zai rantse maka injin bai tsaya ba, kuma bai yi ƙarya ba. Gani dai ya kori ji: in magani bai ragu a durom ba, bai shiga ruwa ba.

Inda littafin ya tsaya, nan aikin ya fara

Babban aibin shi ne wannan. Littafin na ƙarewa a bakin ɗurawa, kamar da zarar magani ya taɓa ruwa an gama. Amma kulorin na shiga ruwa sai datti da ƙarfe da ƙwayoyin cuta su cinye wani kaso. Ragowar ce ke kare mai sha. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a samu aƙalla miligiram 0.5 a lita bayan minti 30 da haɗuwa, ma'aunin pH na ƙasa da 8, kuma kada ya gaza 0.2 a inda mutane ke ɗiba. Saitin da ya isa da rani zai iya gazawa da damina, lokacin da ruwa ya gurɓace, lokacin da kwalara ta fi yawo.

Garin Walkerton na Kanada ya koyi wannan da tsada a watan Mayun 2000. Ruwan sama mai yawa ya kwaso kashin shanu ya shigar da shi wata rijiyar gari, kulorin ɗin da ake sawa bai isa ba. Ma'aikatan sun daɗe suna rubuta lambobi a rajista ba tare da sun auna ba. Mutum 7 suka mutu, fiye da 2,300 suka kwanta, a garin da bai kai mutum 5,000 ba. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Dennis O'Connor ya nuna cewa da ana auna ragowar kulorin kullum kamar yadda aka tsara, da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Wani zai ce, to ai mai ƙera famfo famfo yake sayarwa. Injin ɗaya ake amfani da shi a wurin wanka, da gona, da masana'antar fenti, ba zai koya wa kowa sana'arsa ba. Akwai gaskiya a nan, a inda injiniya ke tsara aiki kuma hukuma ke zuwa dubawa. Amma a inda mai gyaran famfo ne ya kafa, mai gadi ne ke kunnawa, littafin nan shi ne injiniyan. Kuma tun da zanen durom ɗin kulorin da bututun ruwan sha suna cikin littafin, mai ƙerawa ya san inda kayansa za su je.

Shafin da ya ɓace

Tun da ba a sa shi a kwali ba, ka rubuta shi da kanka ka manna a bango kusa da injin:

1. Famfon magani ba ya samun wuta sai sumo na aiki. A gwada: a kashe sumo, a ga ko ya tsaya.
2. A sa bawul mai hana tsiyaya. Kada a cika durom da maganin da ya wuce na kwanaki kaɗan.
3. A yi wa durom alama, a rubuta nawa ya ragu kullum, a kwatanta da lissafi.
4. A auna fitar famfo da kwalbar awo ranar kafawa, da duk lokacin da aka taɓa saiti ko aka yi gyara.
5. A auna ragowar kulorin kullum da ƙwayar DPD, wadda ke mayar da ruwa ruwan hoda, a bakin tanki da kuma famfo mafi nisa. Abin da aka gani shi za a rubuta.

In kuma kai mai sha ne kawai, ɗanka na makarantar kwana ko unguwarku na da tankin haɗaka, kana da tambaya ɗaya da ta fi "injin na aiki?" amfani. Ka ce a nuna maka rajistar awon jiya da na shekaranjiya. In lamba ɗaya ce ake maimaitawa kullum, rani da damina, ka nemi a auna a gabanka.