Tazyinul Waraƙat: Yadda Malam Abdullahi na Gwandu Ya Tuna Yaƙi da Mamatansa

 

'Yan'uwa, sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ba baƙo ba ne a nan Garwa. Masu zaman tafsiri sun san shi da Diya'ut Ta'awili, masu son tarihi kuma sun san shi da Tabkin Kwatto, inda ya jagoranci rundunar jama'a ta karya Yunfa Sarkin Gobir a 1804. To amma akwai wani ɗan littafi nasa da ba a cika ɗauko shi a zaurukanmu ba, shi ne Tazyinul Waraƙat, wanda ya kammala a shekarar 1228 ta Hijira, wato 1813. A cikinsa ya tattara wasu daga cikin waƙoƙinsa na Larabci, kafin kowace waƙa kuma sai ya faɗi dalilin yin ta da zube. Saboda haka mai karatu yana bin rayuwar mutumin ne daki-daki, daga ƙuruciya har ya kusa shekara hamsin. A ganinmu, duk mai son ya san yadda tsohon mayaƙi mai tsoron Allah yake tuna abin da ya gani, to nan zai duba.

Wata waƙa da ya yi tun yana saurayi ɗan shekara ashirin ko kusa da haka ba ta yaƙi ba ce, ta mata ce. Suna yawon wa'azi da yayansa Shehu Usmanu a ƙasar Zamfara, sai wani malami mutumin Barno, Mustafa Gwani, ya tare su da waƙa yana sukar yadda mata suke halartar majalisin Shehu. Shehu ya ce wa ƙanensa shi ya fi cancanta ya ba da amsa. Abdullahi ya amsa da ladabi, ya musanta cewa ana cakuɗa maza da mata, sannan ya kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ɓarna ce da ta fi wadda ake gudu. Mu da har yau muke gardama a kan ko a bar matan aure su je makarantar dare, ya kamata mu ji kunya kaɗan, don yaro ɗan ashirin ya gama wannan magana fiye da shekara 200 da suka wuce.

Daga nan sai waƙoƙin malamansa da danginsa. Ya yabi Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya yi marsiyya ga ɗan'uwansu Malam Muhammadu Sambo, wanda ajali ya riske shi a Agadas yana dawowa daga hajji. A nan ne ake ganin Abdullahi na gida. A wurinsa dangi da makaranta abu ɗaya ne: mahaifinsa ya koya masa Alƙur'ani, yana da shekara 13 aka miƙa shi ga yayansa, kawunnai da baffanni suka ɗora. Ya lissafa su ɗaya bayan ɗaya a wani littafin nasa, Ida'un Nusukh. Sai dai fa wanda ya buɗe Tazyin yana neman labarin matansa da 'ya'yansa zai rufe bai ƙoshi ba. Kunya irin ta Fulani da al'adar malaman wancan zamani ba su bar shi ya buɗe wannan ƙofa ba. Abin da ya yi wa 'ya'yan nasa sai dai a auna shi daga baya, da irin su Halilu, wanda ya riƙe Gwandu daga 1833 zuwa 1858 kuma aka san shi da ilimi da gudun duniya.

Waƙoƙin yaƙin iri biyu ne. Na nasara, kamar ta Kwatto, suna da zafi da alfahari, ana jin sukuwar dawaki a cikinsu, ana kuma ganin Gobirawa sun watsar da kaya sun gudu. Suna da daɗin ji, ba shakka, amma ba su ne suka fi kama mu ba. Kowane mawaƙi yana iya waƙar ranar da ya ci.

Inda littafin ya yi nauyi shi ne ranakun da aka sha kashi. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an yi wa jama'a mummunar ɓarna. Muhammadu Bello ya ce mahaddata Alƙur'ani kusan 200 ne suka faɗi a wurin. Abdullahi a lokacin yana jinyar raunin kibiya a ƙafa. Da ya zo tuna ranar, bai tsaya ga cewa an yi shahidai da yawa ba, sai ya riƙa kiran mutanen da sunayensu, wane da wane, abokan karatu da abokan tafiya. Ga kuma Alwasa a 1805, inda Kabawa da Gobirawa da Buzaye suka haɗu suka karya rundunar. Wani marubucin da sai ya ɗora laifin a kan yawan abokan gaba ya wuce. Shi kuwa ya juyo kan mutanensa, ya nuna cewa saɓon da rundunar ta yi da kwaɗayin ganima su suka jawo mata. Wannan fa kwamanda ne yake faɗin haka a kan sojojinsa, a rubuce, alhali da yawansu suna raye, wasu ma sun zama manya.

Abin bai tsaya ga waƙa ba. A 1807, ana kan hanyar zuwa Alkalawa, zuciyarsa ta gaza ɗauka. Ya duba ya ga mafi yawan waɗanda aka fara tafiyar da su don Allah sun rasu, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa mulki da tara dukiya da kayan ado suka sa gaba. Sai ya bar rundunar ya fuskanci gabas da nufin Makka da Madina. Da ya isa Kano mutanen garin suka riƙe shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da shari'a, ya karantar da su tafsiri, daga baya ya koma gida. Waƙar da ya yi a kan wannan tafiya ita ce, a wurinmu, zuciyar littafin. Babu kirari a cikinta. Muryar mutum ce wanda ya yi yaƙi aka ci nasara, ya waiwaya bai ga abokansa ba, bai kuma gane waɗanda ke tsaye a inda suke ba.

Wani zai ce, to barin runduna ana cikin yaƙi ba laifi ba ne? Tambaya ce mai kyau, kuma littafin bai ɓoye abin ba, bai kuma yi masa kwalliya ba. Shi da kansa ya rubuta cewa ya tafi, ya faɗi dalili, ya faɗi cewa ya dawo. Ku kwatanta da yadda muke yi a nan idan tsohon soja ya rasu a unguwa: a wurin zaman makoki sai a ce jarumi ne, mutumin kirki ne, a shafa fatiha a watse. Ba mai tambayar su wa ya binne, ko me ya riƙa hana shi barci.

Littafin yana da wahalarsa, kada mu ruɗe ku. Malam Abdullahi ya sha waƙoƙin Jahiliyya da Maƙamatul Hariri ya ƙoshi, don haka wani lokaci sai ya buɗe waƙa da tsayawa a kufai irin na Larabawan da, ya jero kalmomin da ko wanda ya sauke Ishiriniya sai ya nemi ƙamus. A wasu wuraren lugga tana danne ma'ana, har ɗalibi ya manta cewa Gobir da Kabi ake magana ba Najadu ba. Mun fi jin sa idan baƙin ciki ya sa ya sauƙaƙa harshe. Shawararmu ga ɗalibai ita ce su fara bin zuben tukuna, don shi a sarari yake, sannan su koma wa baitocin a gaban malami. Wanda Turancin Ingilishi ya fi masa sauƙi, akwai bugun Mervyn Hiskett na Ibadan, 1963, mai ɗauke da Larabcin da fassara.

Ya rasu a Gwandu wajen 1829. Hanyar gabas da bai ƙarasa ba, ɗalibinsa Modibbo Raji ya sake ɗauko ta a zamanin Halilu, shi ma da nufin barin ƙasar zuwa hajji. Shi ma bai kai ba. Ya tsaya a Yola zamanin Lamiɗo Lawal, ya zauna yana karantarwa yana rubuta waƙoƙi da Fulatanci a bakin wannan kogi na Binuwai da ya ratsa ta gabanmu, har Allah Ya karɓi ransa a ƙasar Adamawa.