Gwanintar Yanko Sauti Daga Tsohon Faifai

A 1969 ƙungiyar The Winstons ta Amurka ta saki wani kiɗa mai suna "Amen, Brother". Ana tsakiyarsa sai sauran makaɗan suka tsagaita, suka bar Gregory Coleman da gangunansa na abin da bai wuce daƙiƙa 7 ba. Wannan ɗan guntun ne masu haɗa kiɗa suka yanko daga baya. 'Yan ƙungiyar N.W.A sun ɗora rap a kansa cikin waƙar "Straight Outta Compton" a 1988. Matasan Ingila kuma suka ƙara masa gudu, suka rarraba kowane bugu daban, suka sake jera su, har aka samu kiɗan jungle. Coleman ya rasu a 2006 bai ga ko kwabo ba, abin da har yau yake min ciwo.

Masu cewa wannan aikin kwafa ne kawai ba su taɓa kallon gwani yana yi ba. Da kunne ake farawa. Mutum zai wuni yana sauraren faifan da kowa ya manta, jazz ne ko waƙar coci ko kiɗan fim, don ya tsinci inda garaya ko murya ta yi wata 'yar lanƙwasa. Daga nan sai yanka. Kamar mahauci, dole ya san inda gaɓa take: in ya wuce da ƙiris, bugu ya gurgunce. Na'urar naɗar sauti SP-1200 ta 1987 daƙiƙa 10 kacal take ɗauka, don haka sai masu haɗa kiɗa su juya faifan da sauri, su naɗa, sannan su sassauta shi a cikin na'urar. Kaushin sautin da dabarar ta haifar, mutane suka dawo suna nemansa da gangan.

A wurina babu kamar J Dilla na Detroit. Na'urarsa, MPC3000, tana iya daidaita kowane bugu cif-cif, amma sai ya kashe wannan tsarin ya buga da yatsunsa, wani bugun ya ɗan makara, wani ya ɗan riga. Kiɗan ya riƙa rangaji yadda ba a saba ji ba. A kundinsa Donuts na 2006, mai kiɗa 31, yakan tsinke muryar mawaƙi a tsakiyar kalma ya mai da ita abin bugu. Makaɗan ganga na gaske, irin su Questlove, sai da suka zauna suka koyi wannan makarar da hannunsu.