Gwanintar Bin Kogin Danub a Kan Keke

Tsakanin Passau da ke ƙasar Jamus da Biyana, babban birnin Ostiriya, akwai hanyar keke mai tsawon kilomita 320 da 'yan kai, wadda ta bi gefen kogin Danub, kuma mafi yawanta mota ba ta hawa. Wani yanki ce na doguwar hanyar nan da ake kira EuroVelo 6, wadda ta taso daga bakin tekun Atilantika a Faransa ta dire a Bahar Aswad. A wurare da dama duwatsu da tuddai sun sa kogin a tsakiya, amma mai keke ba ya hawan ko ɗaya sai in shi ya ga dama. Daga farkon hanyar zuwa ƙarshenta gangaren ƙasar bai kai mita 150 ba, wato ko rabin mita bai cika ba a kowace kilomita. Shi ya sa wasu ke cewa tafiyar ba ta bukatar iyawa, duk wanda ya iya taka feda zai kai. Ni ban yarda da wannan magana ba. Kaiwa kam kowa zai kai, amma da bambanci tsakanin wanda ya isa masauki da la'asar da sauran ƙarfinsa, da wanda duhu ya riska a bakin ruwa yana hangen garin da zai kwana a ƙetare, jirgin fito kuwa ya riga ya tashi aiki.

Tun asali ba don keke aka yi hanyar ba. A da, jirgin kaya in zai gangara, ruwa ke ɗaukarsa kyauta. In zai hau kuwa, sai an ɗaura masa igiya dawakai sun ja shi daga bakin gaɓa, wani lokaci dawakai gommai a jere. Dole turbar dawakan ta manne wa ruwa, dole kuma ta zama shimfiɗaɗɗiya, don dokin da ke jan jirgi ba shi da ƙarfin hawan tudu. Inda dutse ya tare gaɓa ɗaya, sai a ɗora dawakan a jirgi a ƙetarar da su. A 1829 aka kafa kamfanin jiragen tururi na Danub a Biyana, daga nan sana'ar ja ta yi ta ja da baya har ta mutu, ta bar turbarta. Mai keken yau ya gaji turbar, ya kuma gaji ciwon kan masu dawakai: wace gaɓa za a bi, kuma a ina za a ƙetara?

A nan ne ake gane gwani. Kusan ko'ina akwai hanya a gaɓar arewa da ta kudu, amma ba ɗaya suke ba. Tafiyar rabin yini daga Passau, a wani wuri da ake kira Schlögen, kogin ya yi karo da dutse mai tauri ya kasa huda shi, sai ya yi kwana ya fuskanci inda ya fito, sannan ya sake juyowa. Dajin da ke kan tuddan yana gangarowa har bakin ruwa. A gaɓar arewa hanyar keke takan zo ta ƙare a ƙauyen Au, babu gaba. Ƙananan jiragen fito ne ke ɗaukar mutum da kekensa, ko su ƙetarar da shi kudu, ko su gangara da shi su sauke shi inda turbar ta sake farawa. Jiragen nan ba sa aiki da dare, ba sa kuma aiki a lokacin hunturu. Wanda ya san hanya tun da safe ya lissafa lokacin da zai isa Au, kuma lissafin nan ne ke gaya masa ko yana da sararin zama shan shayi a hanya.

Haka abin yake a Grein, inda kwarin ya tsuke. Shekaru aru-aru masu jirgi suna tsoron wurin saboda duwatsun cikin ruwa da igiyar ruwa mai juya jirgi, har sai da madatsar Ybbs-Persenbeug, wadda aka gama a 1959, ta tara ruwa ya rufe su. Yau haɗarin ya koma kan tudu: a gaɓar arewa babban titin mota ya matse mai keke, ga manyan motoci na wucewa. Gwani yakan ƙetara kudu tun a Grein, ya bi 'yar siririyar hanya mai inuwa har Ybbs. Su kansu madatsun ruwan gadoji ne ga wanda ya san su, ko da yake ba duka ke da sauƙi ba. A Jochenstein, kan iyakar Jamus da Ostiriya, sai mutum ya ɗaga kekensa ya hau matakala, kuma a nan ne wanda ya cika jaka da tarkace yake gane nauyin abin da ya ɗauko.

Batun kaya ma fanni ne mai zaman kansa. Duk wanda ya taɓa ganin manomi ya ɗaure buhu biyu a kariyar keke, ɗaya dama ɗaya hagu, ya san ƙa'idar: nauyi ya sauka ƙasa, ya kuma rabu daidai. Jakunkuna biyu a gefen ƙafar baya, masu nauyi a ƙasan jaka kusa da tsakiyar ƙafar, rigar ruwa a sama inda hannu zai kai gare ta ba tare da an zazzage komai ba. Famfo, kayan faci, 'yan sifanu, da man sarƙa. Ba a goya jaka a baya, don kwana biyu kawai za ta yi ta gaya wa kafaɗa da ƙugu magana. Ƙwararru sukan yi kilomita 50 zuwa 70 a yini, su gama tafiyar cikin kwana biyar zuwa mako guda, kuma abin da ke ba ni sha'awa shi ne yadda suke taka feda. Ba sa danna ta da ƙarfi. Sukan sa giya mai sauƙi ƙafa ta yi ta juyawa da sauri ba tare da gwiwa ta ji jiki ba. Za ka ga dattijuwa mai furfura tana tafiya a natse kamar ba ta komai, saurayin da ya wuce ta a guje da hantsi kuwa ta same shi zaune a gindin bishiya da azahar.

Tun da babu tudu, iska ce abokiyar gaba. A wannan yanki ta fi kaɗawa daga yamma, shi ya sa mafi yawan matafiya ke farawa daga Passau su nufi gabas, ruwa da iska duk suna mara musu baya. Amma ba kullum ake kwana a gado ba. Wata rana takan juyo daga gabas, kuma a kan dogayen ganuwoyin da aka gina kusa da madatsu babu bishiya babu gini da zai kare mutum. Masu tafiya tare sukan jera ɗaya bayan ɗaya, na gaba ya sha iskar, in ya gaji ya koma baya wani ya karɓa. Akwai kuma alluna masu lamba a bakin gaɓa da aka kafa don masu jirgi. Ana ƙirga tsawon Danub ne daga bakin teku zuwa sama, don haka lambar tana raguwa in kana gangarawa: kimanin 2,225 a Passau, kimanin 1,930 a Biyana. Mai lura yana duban allo ɗaya ya san inda yake da abin da ya rage masa, ko da wayarsa ta mutu.

Inda tafiyar ta fi daɗi shi ne Wachau, kwarin da ke tsakanin Melk da Krems, kimanin kilomita 36, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Babu madatsa a nan, kogin yana gudu da ƙarfinsa na asali. An yanka tuddan hawa-hawa an tokare su da katangun dutse da aka jera ba siminti, inabi a sama, itatuwan afirikot a ƙasa, masu fure a farkon bazararsu su nuna a watan Yuli. A kan dutsen Dürnstein akwai kangon ganuwar da aka tsare Sarki Richard na Ingila a ƙarshen 1192, yana kan hanyar komawa gida bayan yaƙinsa da Salahuddin Ayyubi. Gaɓar arewa ta ratsa garuruwan ne, da cunkoson baƙi da lungunan dutse. Ta kudu ta fi shiru, kuma daga can ne ake ganin tuddan gaba ɗaya. Gwani ba ya zaɓar ɗaya ya bar ɗaya, yakan haɗa su ta hanyar jiragen fito na Spitz da Weißenkirchen.

Waɗannan jiragen sun cancanci a tsaya a dube su da kyau. Ba inji ke tura su ba. An miƙa igiyar ƙarfe a sama daga gaɓa zuwa gaɓa, wata igiyar kuma ta sauko daga wata 'yar ƙafa mai gudu a kanta ta riƙe jirgin. Matuƙi yakan karkata jirgin kaɗan ya ba ruwa gefensa. Ruwan na son ya tafi da shi ƙasa, igiya ta hana, sai ƙarfin ya tura shi gefe, 'yar ƙafar na binsa a sama har ya taɓa ɗaya gaɓar. In zai dawo, sai a karkata shi ta ɗaya ɓangaren. Masu keke na tsaye riƙe da birki, ba ka jin komai sai ruwa na dukan ƙarfe.

Kogin da ya shimfiɗa hanyar kuma yakan karɓe abinsa. A watan Yunin 2013 ruwa ya kai mita 12.89 a Passau, inda kogunan Inn da Ilz ke haɗuwa da Danub, irin cikar da garin ya yi shekara ɗari biyar bai gani ba. Ko cikar da ba ta kai wannan ba takan rufe turbar a wuraren da ta yi ƙasa, ta tsayar da jiragen fito, ta bar laka mai santsi bayan ta janye. Saboda haka in an kwana biyu ana ruwa a kan duwatsun Alps, wanda ya san aikinsa yakan duba ma'aunin kogi kafin ya ɗaura jaka, ya kuma san tashar jirgin ƙasa mafi kusa.

Zaɓi na ƙarshe yana bakin Biyana. Wanda ya bi arewa ta Korneuburg zai iya hawa tsibirin Danub, mai tsawon kilomita 21, da aka gina tsakanin 1972 da 1988 don kare birnin daga ambaliya, kuma ba a barin motocin jama'a a kansa. Wanda ya bi kudu ta Klosterneuburg kuwa, a Nussdorf zai rabu da babban kogin ya bi reshensa da ya shiga gari, hanyar ta kai shi har Schwedenplatz, 'yan mintoci kaɗan daga tsakiyar tsohon birnin.