Landan zuwa Brighton a Keke: Atisayen Ya Fi Ranar Daɗi

A faɗa a ƙara faɗa: abin da ya fi komai armashi a hawan keken Landan zuwa Brighton shi ne atisayen da ake fita a ƙungiyance watanni kafin ranar. Ita ranar ba a magana. Tun 1976 ake wannan tafiya, kuma yau British Heart Foundation ce ke shirya ta duk watan Yuni, wato gidauniyar da aka kafa a 1961 don tallafa wa binciken cututtukan zuciya. Dubban mahaya ke tashi daga filin Clapham Common su sauka bakin teku a Madeira Drive, tafiyar mil 54, kusan kilomita 87. Ba tsere ba ne, ba wanda za a ba kofi. Kowa ya tara kuɗin tallafi daga dangi da abokan aiki, ya biya da guminsa. Amma ranar guda ɗaya ce, kafin ka ankara ta wuce. Atisayen kuwa, kai! Shi ne inda ake dafa mutum har ya nuna.

Ƙungiyarmu takan fara ne a ƙarshen hunturu, lokacin da sanyi ke cizon yatsu ta cikin safar hannu. Wurin farawa shi ne titin da ya zagaye Regent's Park, kilomita 4 da ɗoriya, shimfiɗaɗɗe ba tudu ba gangare. Babban masallacin Landan na gefensa, don haka wanda ya yi asuba a can fitowa kawai zai yi ya haye sirdi. A nan ake ganin iri-iri: mai keken tsere da za ka ɗaga da yatsa biyu, da mai tsohon keken zuwa aiki wanda kwandon cefane ke manne a gabansa. Ba mai kallon wani a raine.

Tsarin tafiyar tamkar ayarin fatake ne. Akwai madugu a gaba, wanda ya san hanya, shi ke ƙayyade gudu. Akwai kuma mai tsaron baya, kuma wallahi ni shi ne gwarzona. Yawanci yana cikin mafi ƙarfi a ƙungiyar, amma ya yarda ya zauna a wutsiya tare da wanda numfashi ya ƙare wa, yana jan shi da hira, yana cewa saura kaɗan ko da kuwa da sauran tafiya. Doka ɗaya ce ba a taɓa ta: ba a barin kowa a hanya. In an hau tudu, na gaba su tsaya a sama har na ƙarshe ya iso, sannan a ba shi lokaci ya sha ruwa. Wannan ƙaramin abu ne a baki, amma wanda ya taɓa isowa yana haki ya tarar jama'a sun riga sun ɗaga, ya san darajarsa.

Sai kuma fasahar tafiya a jere, wadda ta sa na kamu da son abin gaba ɗaya. Babban abokin gabar mai keke iska ce. In ka manne bayan tayar wani, ratar da ba ta kai tsawon keke ɗaya ba, shi ke tsaga iskar, kai kuma ka sami sauƙin da zai iya kai kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da za ka kashe. Na gaba ya yi nasa, ya kaɗa gwiwar hannu, ya zame gefe ya koma baya, na biye ya karɓa. Amma wanda ke baya ba ya ganin kwalta, idon na gaba ne idonsa. Shi ya sa hannuwa ba sa hutawa: a nuna ƙasa da yatsa in akwai rami, a kai hannu bayan ƙugu in akwai motar da aka ajiye a gefe, a ɗaga tafi in za a tsaya. Daga wutsiya kuma sai ka ji an ƙwala cewa ga mota, saƙon ya bi baki-baki har ya kai madugu. Ranar da layin ya daidaita, mutum goma sha wani abu suna murza feda kamar ƙafa ɗaya, ba ka jin komai sai kukan sarƙa da shuuu ɗin taya, za ka rantse ba ka taɓa hawa keke ba sai ran nan.

Da ƙafafu suka fara ƙwari sai a koma Richmond Park. Zagayensa ya kusa mil 7, kuma yana da tuddai irin su Sawyer's Hill da Dark Hill da ke koya wa mutum amfanin giya. Tun 1637 Sarki Charles na Ɗaya ya killace wurin don farauta, har yau kuma barewa ɗaruruwa ke yawo a sake, ba ruwansu da kai. Sukan tsallaka titi a natse, dole ayari ya ja birki ya jira masu gida su wuce. Daga nan sai Box Hill a Surrey, tudun da titinsa ke lanƙwasa yana hawa, wanda zakarun duniya suka hau sau tara a tseren maza na Olamfik ɗin 2012. Hawansa bai kai tsananin sunansa ba, kilomita biyu da rabi ne mai sauƙin kai, amma daɗin a ce ka taka inda suka taka ya isa mutum ya yi ta ba da labari har a gaji da shi.

Akwai wani dattijo a cikinmu, ɗan ƙasarmu da ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa, har Turawan. An taɓa yi masa aikin zuciya, kuma da izinin likitansa yake fitowa. Wata safiya tayar wani saurayi ta sace a hanyar Surrey, yaron ya tsaya yana juya waya zai kira mota. Baba ya jingine kekensa ya ce, "Ɗana, mayar da wayar nan aljihu, kawo hannunka." Bai karɓi aikin ba, tsaye ya yi yana nuni: cire wili, zare tub, sannan ka bi cikin tayar da yatsa a hankali. Can sai ga ɗan tsinin dutse ƙanƙane ya maƙale. "Ka gani? Da ka sa sabo a kansa, kafin kwanar can ka sake tsayawa." Yaron ya ce, "Na gode, Baba," hannu duk baƙin mai, yana dariya. Cikin minti goma aka ci gaba.

Tsayawar shan shayi ma wani fage ne. A nan ake koyon cewa ba a jiran yunwa kafin a ci, ba a jiran ƙishi kafin a sha, domin in sukarin jiki ya ƙare a tsakiyar hanya ƙafa mutuwa take yi. Turawan suna fito da 'yan fakitin abincinsu masu tsada, mu kuma dabino da ayaba, kuma ba a daɗe ba dabinon ya zama na kowa. A nan ne kuma ake jin dalilin kowa: wannan mahaifinsa ne ya faɗi a wurin aiki, waccan 'yarta aka haifa da matsalar zuciya. Sai a buɗe shafin tara tallafi na JustGiving a ga nawa aka tara, a zolayi wanda kawunsa ya yi alkawari bai cika ba.

Ba zan ce babu wahala ba. Ruwan saman Ingila ba ya neman izini, kuma wandon nan mai soso da ke ceton mazaunai kuɗinsa ba wasa ba. Wasu direbobin ma har yanzu haushi suke ji in sun ga mahaya biyu-biyu, alhali ƙa'idar hanya da aka sabunta a 2022 ta amince da hakan, ta kuma ce mai mota ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi in zai wuce. Ga mata masu son shiga kuwa hanya a buɗe take: ƙungiyar Cycle Sisters, wadda aka fara a Waltham Forest a 2016, tana fita da mata Musulmi, da hijabinsu da komai.

Duk wannan shiri saboda dodo ɗaya ake yin sa: Ditchling Beacon. A ranar tafiyar, yana jiran mutum ne bayan ya riga ya ci fiye da mil 40, tudu mafi tsawo a East Sussex, mita 248, hawan kusan mil guda da ba ya sassautawa. Ko gasar Tour de France ta bi ta kansa a 1994. Jama'a da yawa sauka suke yi su tura, kuma ba abin kunya ba ne. Amma wanda ya sha atisaye ya san sirrin: ka sauke giya tun daga gindi, ka zauna a sirdi, ka kama numfashinka, kada ka bi gudun kowa. Kana kai wa sama sai ga teku can gaba, sauran kuma kusan duk gangare ne, inda birki mai kyau ya fi ƙarfin ƙafa amfani.

A makon ƙarshe madugu kan hana doguwar fita: a huta, a kai keke wurin makaniki ya duba birki da sarƙa. Sai kuma gargaɗin da yake maimaitawa har a haddace, cewa a ranar ba a shiga jirgin ƙasa da keke daga Brighton, don haka kowa ya kama gurbinsa a bas da motar dakon kekuna tun kafin su cika.