Gwanintar sharewa a faifai biyu

Duk wanda ya tura kuɗi ta waya daga Ɗan Issa zuwa Maraɗi, ko ya karɓi aike daga ɗan'uwansa da ke ƙetaren iyaka a Jibiya, ya dogara ne da wata kwamfuta da bai taɓa gani ba. Kamfanin da ya san ciwon kansa kuwa ba ya barin irin wannan lissafi a faifai ɗaya tilo. Na'ura biyu ake ba ajiyar, in ɗaya ta mutu ɗayar ta ci gaba da aiki. Cikin manhajojin da ke wannan aiki a duniya akwai DRBD, wadda Philipp Reisner ya fara rubutawa yana ɗalibi a birnin Viyana na ƙasar Ostiriya. A 2001 aka kafa kamfanin LINBIT da ke kula da ita, a 2010 kuma ta fito cikin zuciyar Linux kanta, a siga ta 2.6.33.

Aikinta a baki ba wuya: duk abin da aka rubuta a faifan nan, a aika shi can a rubuta. A tsarinta mafi tsauri ma ba ta cewa an gama sai faifai biyun sun amsa. Amma a wurina ba a rubutun gwanintar take ba. A sharewa take.

Faifan SSD, da ma'ajiyar da ke cikin wayar hannu, ba sa iya rubutu kan rubutu kai tsaye. Sai an goge babban yanki gaba ɗaya kafin a sake zuba wani abu a ƙaramin gurbin da ke cikinsa. In mutum ya share hoto, faifan bai san hoton ya tashi daga aiki ba, sai ya yi ta jigilarsa daga gurbi zuwa gurbi, yana gajiya a banza. Don haka aka ƙirƙiro umarnin yasarwa, wanda a faifan SATA ake kira TRIM: manhaja ta gaya wa faifai cewa daga nan zuwa nan ba ta da sauran buƙata. Windows 7 ta zo da shi a 2009, Android 4.3 kuma ta fara yinsa da kanta a 2013, bayan masu wayoyi sun sha kuka da yadda na'urorinsu ke nauyi in sun kwana biyu.

Tarkon yana cikin yanayin umarnin. Shawara ce, ba tilas ba. Wani faifai ya saki wurin nan take, in an karanta a ga sifili. Wani ya bar tsohon rubutun sai ya samu sarari. Wani ma ya yi kunnen uwar shegu, kuma bai karya doka ba. A ce ɗan kasuwa na da littafin bashi biyu, ɗaya a shagonsa na Ɗan Issa, ɗaya a na Jibiya, sai ya aika wa yaransa cewa shafi na 10 ya tashi daga aiki. Na Ɗan Issa ya goge shafin tas, na Jibiya ya ce ai tunda ba a buƙatarsa a bar shi yadda yake. Kowa ya bi umarni, amma littattafan sun saɓa, kuma ba wanda zai sani sai ranar da ɗaya ya ɓata aka buɗe ɗayan.

Wani zai ce ina ruwan kowa da abin da ke wurin da aka riga aka yasar? Ga inda ruwan yake. Manhajar da ke shimfiɗa tsarin ajiye fayiloli na ext4 a sabon faifai takan fara da yasar da shi baki ɗaya. In aka tabbatar mata cewa wurin da aka yasar sifili ne, sai ta tsallake aikin wanke teburan da za ta riƙa rajistar fayiloli a ciki. A na'ura ta farko komai lafiya. Ranar da aiki ya koma ta biyu, wadda faifanta bai share komai ba, sai tarkacen da ya kwana a wurin ya tashi a matsayin rajista. Ajiyar da aka yi don ranar wuya ita ce ta zama wuyar.

Reisner da abokin aikinsa Lars Ellenberg sun kawo yasarwa cikin DRBD a jerin siga ta 8.4, kuma abin da ya burge ni shi ne rashin yardarsu da kowa. Tun wajen gaisuwar farko na'urorin biyu ke gaya wa juna abin da kowace ta iya. In ta can tsohuwa ce da ba ta san saƙon yasarwa ba, ba a ma sanar da manhajojin da ke amfani da DRBD cewa akwai wannan dama. In ta san saƙon amma faifanta ba abin dogaro ba ne, sai ta rubuta sifilin da hannunta. An yi asarar sauri, an tsira da daidaito. Sannan ana ɗaukar yasarwa tamkar rubutu: tana bin layi, ana jiran amsarta, in kuma igiyar sadarwa ta yanke ana yi wa wurin alama a taswirar da ke ba kowane kilobait 4 ɗigo guda, don a gyara in an sake haɗuwa.

Aikin da ya fi kyau shi ne na gefe da gefe. Akwai ma'ajiyar Linux da ke ba da wuri sai an buƙata, gunduwa-gunduwa, yawanci kilobait 64 kowace. Tana karɓar gunduwa cikakkiya in an yasar, amma rabin gunduwa ba ta kula shi. To a ce umarni ya zo daga kilobait 40 zuwa 300. DRBD sai ta yanka shi uku. Daga 40 zuwa 64 ta rubuta sifili. Daga 64 zuwa 256, gunduwa uku cif, ta yasar. Daga 256 zuwa 300 ta sake rubuta sifili. Wuri ya koma rumbu, kuma duk na'urar da aka tambaya amsarta ɗaya ce. Haka nan wajen cike wa na'urar da ta yi fashi abin da ya wuce ta: in mai aikawa ta karanta yanki ta ga sifili zalla, ba ta cika igiya da shi, ɗan gajeren saƙo take turawa cewa a saki wurin. Wanda ya taɓa sayen data da guminsa zai gane darajar wannan.

Kuma tsoron masu DRBD ba na banza ba ne. A 2015 kamfanin Algolia ya ga fayiloli na lalacewa a na'urorinsa, aka fara zargin faifan Samsung, daga baya bincike ya nuna kuskuren na cikin Linux ne, wajen yadda ake rarraba umarnin yasarwa a kan faifan da aka harhaɗa. Rubutun da ya faɗa inda bai dace ba yakan bar sawu. Yasarwar da ta kauce kuwa sifili take bari.

A 2017, cikin siga ta 4.12, masu kula da Linux suka janye alamar nan da faifai ke cewa yasarwarsa na haifar da sifili, domin an ga ba a iya dogara da ita. Aka raba aikin biyu: mai son sifili ya nemi sifili da umarninsa na daban, mai son sakin wuri ya yasar ba tare da an yi masa alkawari ba. DRBD ta ƙara saƙo na musamman don sifilin, wanda shi ma sai na'urorin biyu sun amince da shi a gaisuwarsu kafin a fara aika shi.