Uban da ya bi ɗansa yaƙi: ra'ayina kan fim ɗin Tirailleurs

Fim ɗin Tirailleurs, wanda Mathieu Vadepied ya shirya, ya fito a Faransa a watan Janairun 2023. Labarin Bakary Diallo ne, makiyayi Bafillace na ƙasar Senegal. A shekarar 1917 sojan Nasara suka kama ɗansa Thierno domin kai shi fagen yaƙin duniya na farko. Uban bai tsaya kuka ba, ya kai kansa aka rubuta shi soja, don ya bi yaron ya maido shi gida. Omar Sy ne ya fito a matsayin uban, kuma kusan duk maganarsa da Fulatanci ya yi ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne Bakary ba jarumin Faransa ba ne. Bai san Jamus ba, ba ruwansa da tuta. Lissafinsa na magidanci ne: ina za a samu kuɗin gudu, wace hanya za a bi, yaron ya ci abinci ko bai ci ba. Da wani laftana ya fara ja Thierno a jiki yana ba shi galo, sai ɗa ya koma mai ba uba umarni. Wallahi nan ne fim ɗin ya fi ciwo. Harsashi bai kai ga gidan ba tukuna, amma barikin soja ya riga ya raba uba da ɗa.

To amma ƙarshen bai kwanta mini ba. Bakary ya mutu wajen ceton ɗansa, sai fim ɗin ya nuna mana cewa wataƙila ƙasusuwansa ne aka kai Paris a matsayin sojan da ba a san sunansa ba, wanda Faransa ta zaɓa a 1920 ta binne ƙarƙashin Arc de Triomphe. Ana so mu ji daɗi, wai an girmama shi. Ni kuwa tambayata ita ce: girma a wurin wa? Mutum yana da suna, da mata, da ƴaƴa, da shanu, an ɗauke duka an ba shi kabarin da ba suna. Matarsa da ta rage da garke da marayu, minti nawa aka ba ta a fim ɗin? Kaɗan ƙwarai. Alhali ita ce za ta ɗauki nauyin mutuwar tasa har ƙarshen ranta.

Kada sunan "sojan Senegal" ya ruɗe mu, ƴan uwa. Daga duk faɗin Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka aka kwaso su, har da ƙasarmu: kusan mutum 200,000 a wancan yaƙi, wajen 30,000 ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo ma, a 1959 Faransa ta daskarar da fanshonsu.

Kuma zancen bai tsufa ba. A Inates, Disamban 2019, sojojinmu 71 suka rasu. A Chinagodrar, Janairun 2020, 89. Mun riƙe lambobin. Sunan mutum nawa muka riƙe? Akasarinsu ƴaƴan talakawa ne da albashinsu ke sayen buhun hatsin gida da kuɗin lakkol na ƙanne.

Saboda haka ku kalli fim ɗin, ya cancanta. Amma mu masu koyon rubutu, aikinmu ya fara daga inda ya tsaya. A unguwarku akwai matar soja ko tsohuwar da ɗanta bai dawo ba. Ku je ku gaishe ta, in ta yarda ku tambayi sunansa, da sana'arsa kafin kaki, da abin da yake kawo wa yara in ya zo hutu. Ku rubuta shi da Hausa, kafin masu tunawa su ƙare.