Alƙalamin da Ba a Yi Don Rubutu Ba

A shekarar 1965 kamfanin Parker na Amurka ya fito da wani alƙalamin tawada da aka ƙera jikinsa da azurfar da aka tsamo daga ƙarƙashin teku. Azurfar ta jiragen ruwan Sifaniya ce, waɗanda guguwa ta nutsar kusa da gaɓar Filorida a 1715, maƙare da dukiyar da aka kwaso daga nahiyar Amurka. Guda 4,821 aka yi. Masu tara alƙaluma da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin mafarin sana'ar da ta bunƙasa daga baya, wato a ƙera alƙalami mai tsada, a ƙayyade adadinsa, a haɗa shi da labari, sannan a yi alkawarin ba za a sake yin irinsa ba. Parker ya maimaita dabarar a 1977 da tagullar jirgin Queen Elizabeth, wanda ya ƙone a Hong Kong a 1972.

Lokacin da abin ya faru ma abin lura ne. Tun da biron Bic ya shigo kasuwa a 1950, alƙalamin tawada ya fara rasa gindin zama a ofis da makaranta. Biro ba ya ɗiga a aljihu, ba ya neman kwalbar tawada, in ya ɓata ba wanda zai yi asarar barci. Kamfanonin da suka tsira sun gane cewa ba za su iya gasar araha ba, sai suka koma gasar daraja. Abin da ake saya don a yi aiki da shi ya zama abin da ake saya don a ce ana da shi.

Montblanc na Hambag a Jamus shi ya mayar da wannan tsari na shekara-shekara. A 1992 ya buɗe jeri biyu. Na farko na tunawa da attajirai da sarakunan da suka ɗauki nauyin masu fasaha, aka fara da Lorenzo de Medici na Fulorens, guda 4,810. Na biyu na marubuta ne, aka fara da Ernest Hemingway, sai Agatha Christie a 1993, wadda aka yi wa alƙalaminta maƙalin aljihu da siffar maciji don a tuna da littattafanta na kisan gilla. Daga 1995 aka ƙara wani rukuni mafi tsada mai guda 888, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa takwas lambar sa'a ce a wurin Sinawa.

A nan ne nake ganin ya kamata a tsaya a duba lambar nan ta 4,810. Ba ƙarewar azurfa ce ta kawo ta ba, ba kuma gajiyar maƙeri ba. Tsayin tsaunin Mont Blanc ne da mita, lambar da kamfanin ya daɗe yana zanawa a bakin alƙalumansa. Ko tsaunin bai tsaya a kanta ba, domin ƙanƙarar da ke kansa tana ƙaruwa tana raguwa, kuma awon 2023 ya ba da mita 4,805 da 'yan kai. Ke nan ƙarancin da ake sayarwa an yanke shi ne a ɗakin taro. Injin da ya fitar da dubu huɗu zai iya fitar da dubu arba'in, an dai hana shi ne. Su kuma mutanen da ake ɗora wa sunan ba a tambaye su ba. Hemingway da fensir da tafireta aka san shi yana aiki. Cikin alƙalamin ma, wato famfon zuƙar tawada da bakin zinare, galibi ɗan uwan na Meisterstück ɗin da kamfanin yake sayarwa kullum ne. Rubutu ɗaya suke yi. Bambancin yana riga da akwati da lambar da aka zana.

Akwai wani ƙarancin daban, kuma ba adalci ba ne a haɗa su a kwando ɗaya. A Japan, kamfanin da Ryosuke Namiki ya kafa a 1918, wanda yau ake kira Pilot, ya gamu da matsala: roba mai tauri da ake yin jikin alƙalami da ita tana koɗewa in ta sha rana da gumi. Sai suka lulluɓe ta da urushi, ƙaron wata bishiya da Japanawa suka shekara aru-aru suna shafa wa kwanuka da akwatuna. Daga nan ado ya shigo. Mai zane yakan ja hoto da ɗanyen ƙaro, ya barbaɗa garin zinare ta cikin ɗan bututu kafin ya daskare, ya sake shafawa, ya goge da gawayi har hoton ya fito. Sunan aikin maki-e. Ƙaron ba iska ke busar da shi ba, laima yake so, don haka kowane shafi sai an kai shi akwati mai damshi an jira. Ɗanyensa yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje a fata. Bishiya sai ta haura shekara goma kafin a tsage ta, abin da take bayarwa kuma bai wuce giram 200 ba. Alƙalami ɗaya yakan ci watanni. A 1930 Namiki ya ƙulla yarjejeniya da Dunhill na Landan, a 1931 kuma aka kafa ƙungiyar masu zanen kamfanin, Kokkokai, ƙarƙashin Gonroku Matsuda, wanda daga baya gwamnatin Japan ta saka cikin gwanayen da take ɗauka taskar ƙasa. Mai zane yana sa hannunsa a jikin aikin. In an ce guda ɗari aka yi, to abin da hannu da ido suka iya ke nan. A ƙarshen 2000 an yi gwanjon wani tsohon Dunhill-Namiki a Landan kan fam 183,000, alhali lokacin da aka yi shi ba wanda ya buga masa lambar ƙayyadewa.

Sai dai duka biyun suna haɗuwa a hannun mai saye, kuma a nan al'adar ta yi wani irin juyi. A kasuwar masu tarawa, alƙalamin da bai taɓa shan tawada ba ya fi wanda aka yi rubutu da shi kuɗi. Akwatinsa da takardar shaidarsa suna cikin farashi, in sun ɓata daraja ta ragu. Ana neman ƙananan lambobi, ana neman lamba iri ɗaya a kowace shekara don jeri ya yi daidai. Abin ya yi kama da kwanukan jere a ɗakin amarya, waɗanda darajarsu ita ce ba a taɓa zuba musu miya ba. Ba na raina mai wannan sha'awa, kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma kuɗin irinsu ne ya riƙe masu gyaran bakin zinare da masu maki-e a bakin aiki bayan biro ya cinye kasuwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira shi jari. Kaɗan ne, irin su na Hemingway da na Lorenzo, suka ninka kuɗinsu. Da kowane kamfani ya shiga fitar da nasa, na 'yan fim da 'yan ƙwallo da motoci, ƙarancin kansa ya yi yawa, kuma da dama a ƙasa da kuɗin kanti ake sake sayar da su.

OMAS na Bolonya a Italiya, wanda aka kafa a 1925, ya yi ta fitar da ƙayyadaddun alƙaluma, amma hakan bai hana shi rufewa a 2016 ba. Bayan rufewar ne farashin alƙalumansa na seluloid mai suna Arco ya tashi, domin a lokacin da gaske ba mai ƙara yin su. Ragowar sandunan seluloid ɗin da suka saura a sito wasu suka saye, suna yanka su kaɗan-kaɗan suna fitar da sababbin alƙaluma, kowanne da lambarsa.